Nan An Yi Danya

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Kawu, wan mahaifiyata, ya riga mu. Ya cika da hantsi a ɗakinsa, a ƙauyenmu na arewa da Barmu, matarsa da muke ce wa Inna tana riƙe da hannunsa. Ina buro, wato ofishinmu, a Tawa aka kira ni, kafin in sami mota in isa har an kai shi an dawo. Ban ga fuskarsa ba. Gaskiya na daɗe ban ga fuskarsa ba, kuma ba nisa ne ya hana ni ba.

Na tarar gida ya cika. Mata muna ciki, maza suna ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida, zana ɗaya ce tsakaninmu, don haka duk abin da suka faɗa yana kunnenmu. Wata tsohuwa ta taho tun daga wajen Afala bisa jaki, ta zauna tana ba da labarin shekarar yunwa, yadda Kawu ya ja matan ƙauyensu zuwa wani tudu inda anza ta yi 'ya'ya, ya tsaya sai da kowacce ta cika ƙwaryarta sannan ya ɗebi nasa. Liman ya ce gari ya yi rashin ido. Can gefe aminin Kawu, wani tsohon Buzu makiyayi da ya sauko daga arewa, yana zaune da rawaninsa har bisa hanci.

Sai na ji wata murya daga rumfa ta ce, "Allah sarki. Mutum mai gaskiya, in ka ɗebe abin da tsufa ya kawo mai daga baya."

Wani ya ce, "Zancen danyoyin nan?"

"Ai ruɗewa ce, ba da gangan ba."

"To a bar zancen, Allah shi gafarta mai."

Aka shafa, aka wuce. Ni kuwa ina zaune, duk matar da ta shigo sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Sai haƙuri, ke ce 'yar gaban goshinsa." Ina amsawa, ina jin kamar in tona ƙasa in shige. Don Kawu bai ruɗe ba. Wallahi ko yini ɗaya bai ruɗe ba. Ni na ɗora masa ruɗewar, da bakina, a gaban maigari, don in tsira da mutuncina a wurin aiki. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan ke nan: kada a manta da shi, kuma kada a tuna da shi da tabon da ba nasa ba.

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka Kawu bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, tun ina tsumma. Dogo ne siriri, manomi mai 'yan awaki, ba malami ba, ba boka ba. Abin da Allah ya ba shi shi ne sanin icce da haki. Ba na raye kaɗai ba, har waɗanda suka mutu. Kuna cikin tafiya a fili fetal, ba ko kara, sai ya ja ya tsaya, ya dangwara sandarsa a ƙasa ya ce, "Nan an yi danya." Sannan ya ci gaba. Gaba kaɗan ya sake tsayawa: "Nan an yi dashi guda biyu. Nan gamba takan ɓoye raƙumi." Mutanen gari suna tsokanarsa da mai gaisuwar mutuwar icce. Inna kuwa cewa take, in ka aiki Kawu kasuwar Barmu sayen gishiri, to ka ɗora tukunyar gobe, don sai ya gaida duk iccen da ya mutu tun zamanin kakansa.

Ana dariya, amma gari ya san amfanin abin. Gonakinmu ba su da takarda. Iyakarsu icce ne: daga marken nan zuwa aduwar can na wane ne. Da shekarun fari suka zo suka kwashe itatuwan, iyakoki suka koma cikin kan Kawu. Maigari ba ya yanke shari'ar gona sai an kira shi. Zai zo da sandarsa, ya zaga, ya dubi tudu ya dubi kwari, ya soka ta ya ce, "Nan marke yake. Daga nan yamma na wane." Magana ta ƙare, kowa ya tashi.

Har mahaifina bai tsira ba. Wata shekara suka yi rikicin iyaka da maƙwabcinsa, Baba ya tafi yana taƙama ai surukinsa ne mai shaida. Kawu ya soka sanda, kunya uku na gonar Baba suka faɗa hannun maƙwabci. Baba ya dawo gida yana huci, ya ce wa mahaifiyata ta gaya wa wanta kada ya ƙara taka masa gida. Damina guda ba su gaisa ba. Ranar da aka fara yankan gero sai ga Kawu da sassafe cikin gonar Baba da magirbinsa, ya kama aiki. Da rana ta yi zafi Baba ya miƙa masa fura ya ce, "Kai dai ba ka da kara." Kawu ya sha, ya goge baki ya ce, "Ina da kara. Marken ne ba shi da ita."

Lokacin da aka kawo ni lakwal, makarantar boko, a Tawa, gidan wata gwaggona, kuka nake yi kullum ina cewa a mai da ni gida. Ran nan cikin zafin bazara na fito, sai na gan shi a bakin ƙofar lakwal, ƙafafunsa furu-furu. Ya sa hannu a aljihu ya zubo mini nunu, 'ya'yan danya, masu ɗumi saboda jikinsa. Daga danyar ƙarshe da ta rage a kwarinmu ya tsinko su. Ya ce, "Uwata, sha. Ki zauna ki yi karatu, ki iya rubutu. Akwai abin da nike son a rubuta, kaina ya cika." Ita ma danyar ba ta daɗe ba ta bi 'yan uwanta.

Na yi karatun, na sami aiki a wani furoje, wato shiri mai tattara bayanin itatuwa da ciyayin yankinmu. Bari in faɗi aikin a sauƙaƙe. Buro uku ne, na gandun daji, na kiwo, da namu, kowanne da rumbun bayanansa a kwamfuta. Matsalar ita ce kowane rumbu da yadda ake yi masa tambaya. Mai son ya san inda danya take sai ya yi tambaya sau uku ta hanya uku, amsoshin kuma ba sa zama wuri ɗaya. Shi ne aka ce a zaɓi harshen tambaya guda, tsari ɗaya da za a rubuta tambaya a ciki, duk rumbunan su gane, su amsa tare, har da na wasu garuruwa in an haɗa.

Kafin a kai ga wannan, rani biyu na yi ina yawo da Kawu. Ina da kaye, littafin rubutu mai baƙin bango, da ɗan jipiyes mai ba da lambar wuri. Shi ya ce in raba kowane shafi biyu. Hannun dama in rubuta "akwai", hannun hagu in rubuta "an yi". Duk inda ya tsaya sai ya faɗi sunan icce, ya faɗi gefen da zan sa shi, in ɗauki lamba. Ba ya yarda in yi sauri. In na rubuta sai ya ce, "Karanta mini." In karanta, ya gyaɗa kai. Wata rana na gaji, rana ta dake ni, na ce, "Haba Kawu, wai mi za a yi da iccen da babu?" Ya dube ni ya ce, "Wanda akwai kowa na ganinai, Uwata. Wanda babu shi ka buƙatar mai shaida." Gefen hagu ya fi na dama cika nesa ba kusa ba.

Ranar zaɓen harshe aka tara mu a wani zaure a Tawa, har da manya daga Yamai. Harsuna biyu ke gabanmu. Ɗaya mai sauƙi ne, abu uku kawai ya sani: wane icce, a ina, yaushe aka rubuta. Ɗayan mai nauyi ne, yana da gurbin cewa an nema an samu ko an nema ba a samu ba, da gurbin cewa da ido aka gani ko labari aka ji. Amma yana da wuyar koyo, kuma in rezo, layin sadarwa, ya yi rauni sai ya yi ta jan ƙafa, rezon Tawa kuwa kowa ya san halinsa.

Ni na tsaya wa mai sauƙin. Ina da hujja, ba zan ce ba ni da ita ba, amma ba hujjar ce ta ɗaga ni tsaye ba. So nake mutanen Yamai su san akwai yarinya a Tawa mai kai. Allah ya yi ni da baki, ran nan kuwa na sake shi. Wani dattijo daga buron kiwo, wanda ya kusa ajiye aiki, ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗiyata, to in muna son mu tambayi abin da ya ɓace fa?" Na ce, "Baba, wa ke hawa rumbu neman hatsin da babu?" Zaure ya fashe da dariya. Dattijon ya sauke hannunsa. Aka zaɓi nawa, aka tafa mini, na koma gida kaina ya kumbura.

Sai da na zo zuba kayena cikin rumbu na ga ramin da na haƙa. Gefen hagu ba shi da wurin zama. Harshen da na yi wa yaƙi bai san "an yi" ba. Ko in zubar da fiye da rabin wahalar Kawu, ko in koma in ce wa shugaban buro dattijon nan ya fi ni gaskiya, ko in zuba duka a gurbi ɗaya. Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Na ce wa kaina ai daga baya za a gyara, ai ba wanda zai bi ya duba, ai ma girmama Kawu ne sunansa ya fito da yawa. Na zuba hagu da dama tare. A gurbin wanda ya ba da bayani na rubuta sunansa, layi bayan layi. Da aka buga taswira, kwarinmu ya fito shar da ɗigo, ya fi ko'ina a arewacin Adar. Shugaba ya yaba mini a gaban kowa.

Bazarar da ta biyo, furoje ya tashi renon danya don a raba wa garuruwan da ta ɓace musu. Ana buƙatar iri. Aka yi wa rumbuna tambaya da sabon harshe: ina danya ta fi yawa? Cikin ƙiftawar ido suka amsa da sunan ƙauyenmu. Aka cire mu daga jerin masu samun dashe, tunda wai muna da ita, aka kuma shirya mota da buhuna a je a kwaso nunu. Shugaba ya ce in bi su tunda garinmu ne. Tun daga Tawa har muka sauka daga kwalta bakina a rufe yake. Sau nawa na buɗe shi in faɗa, sau nawa na haɗiye.

Muka isa kwari. Rairayi, sabara nan da can, sai awaki. Jami'in gandun daji da ya jagorance mu ya bi lamba ta farko, fili. Ta biyu, fili. Ta biyar, fili. Mutumin ya ɗauki zafi, kuma ban ga laifinsa ba, an ƙona mai, an ɗauko ma'aikata, ga buhuna wayam. Ya ce a kai shi wurin maigari, a kira mai sunan da ke takarda.

Kawu ya zo da sandarsa yana murna, don ya ji Uwata ta zo da baƙi. Mutane suka taru. Jami'in ya buɗe takarda ya ce, "Baba, kai ka ce akwai danya a wurin nan, da nan, da nan?"

Kawu ya ce, "A'a. Cewa na yi an yi."

"Takarda ta ce akwai. Ga sunanka."

"To ai ga wadda ta rubuta nan, a tambaye ta."

Ya juyo ya dube ni, hankalinsa kwance, yana jira in buɗe baki in gyara magana kamar yadda nake karanta masa a daji. Jami'in ya dube ni. Maigari ya dube ni. Kayen yana cikin jakata, ina jin nauyinsa a kafaɗa. Abin da kawai zan yi shi ne in ciro shi in buɗe. Sai na ji bakina yana cewa, "A yi masa uzuri, ranka shi daɗe. Tsufa ne. Wani lokaci yakan haɗa na da da na yanzu."

Kawu ya ci gaba da dubana, ba da fushi ba, kamar dai mai son ya tabbatar ni ce. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne. Tsufa ne. Ku yi haƙuri da wahalar da na sa ku." Ya juya ya tafi. Kafin motarmu ta tashi sai ga Inna ta aiko mana da fura da dafaffen ƙwai, wai Kawu ya ce kada baƙi su koma da yunwa. Na sha furar nan.

Da muka koma Tawa shugaba ya ce a cire duk bayanin da ke ɗauke da sunan tsohon, ba abin dogara ba ne. Ni na danna. Na dama da na hagu, rani biyu na tafiya, suka fita tare. Aka ce mini in riƙa lura da irin mutanen da nake ɗauka, na ce to.

A gari kuwa abin bai tsaya nan ba. Kafin shuka rikici ya tashi tsakanin wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, da mai gonar da ke gefenta, a kan wani yanki mai damshi a bakin kwari. Aka kira Kawu kamar kullum. Ya soka sanda ya ce nan marke yake, yankin na marayu ne. Sai mutumin ya ce, "Wa za ya yarda da wanda ya jawo motar gwamnati neman danya cikin rairayi? Ɗiyatai ma ta ce ya ruɗe." Aka raba yankin yadda aka ga dama, mai baki ya ɗauki wurin damshin. Daga ranar ba a ƙara kiran Kawu shari'a ba. Inna ta ce ko a hanya ya daina faɗin abin nasa. Yakan dai tsaya, ya taɓa ƙasa da sanda, leɓensa ya motsa, ya wuce.

Duk wannan yana zuwa kunnena ta bakin mahaifiyata, wadda ba ta san komai ba, har tana cewa Allah ya sa ina wurin na rufa masa asiri. Na daina zuwa gida. Yau aiki, gobe taro, jibi ba mota. Sau ɗaya na je, da babbar salla, na same shi a zaure ya rame. Na durƙusa na gaishe shi ina kallon tabarma.

Ya ce, "Uwata, kin yi wuyar gani. Ya aikin?"

Na ce, "Lafiya lau, Kawu."

"Na'urar taku, in anka tambaye ta abin da ya ɓace, mi takan ce?"

Na ce, "Ba ta san wannan tambayar ba."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "To yarinya ce tukuna. Za ta girma." Sannan ya ce, "Kayenmu yana nan?" Na ce yana nan. Ya ce, "In kin sake zuwa ki taho da shi." Na ɗauka so yake ya tona ni, ko ya sa in karanta a gaban mutane. Na ce to, na miƙe, wai mota tana jirana. Ban sake zuwa ba sai ranar da na tarar an dawo daga kai shi.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun ragu, tsohon Buzun nan aminin Kawu ya aiko a kira ni. Na same shi bayan gida yana hura gawayin shayi. Bai dube ni ba. Ya ce shi shekara da shekaru yana kiwo da bakin Kawu, in ya ce akwai haki a wuri kaza to akwai, in ya ce babu to kada ka wahal da dabba. Ya ce da labarin ruɗewa ya kai masa arewa, ya hau raƙumi ya zo takanas, ya zauna da Kawu yini guda yana gwada shi, bai sami ko tsinke da ya kauce ba.

"Na ce mai, to don mi ka amsa abin da ba ka yi ba? Kin san abin da ya ce?"

Na girgiza kai.

"Ya ce, ni na gama aiki da sunana. Ita yanzu ta fara da nata."

Ya zuba shayi ya miƙo mini. Ban iya karɓa ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun da na zo. Bai ba ni haƙuri ba, kuma na gode masa da bai ba ni ba.

Washegari na koma Tawa na ɗauko kayen. Na shiga wurin shugaba na buɗe masa, na faɗi komai. Ya yi faɗa, ya cancanta ya yi, an kuma ɗauke ni daga kan rumbun. Na nemi gidan dattijon buron kiwo, wanda ya riga ya ajiye aiki, na ba shi haƙuri. Maganar sauya harshe an rubuta ta an aika sama, har yau ana jira. Rumbunan nan suna ta amsa tambaya cikin sauri, kuma har yanzu ba mai iya tambayarsu abin da ya ɓace.

Ranar addu'ar bakwai na yi abin da mata ba sa yi a garinmu. Bayan an shafa, na fita na durƙusa a bakin rumfar maza. Mahaifina ya zaro ido yana yi mini alama in koma. Na ce, "Ranka shi daɗe maigari, ina da magana a kan mamaci." Na ɗaga kayen, na nuna musu layin da ya raba shafi, na karanta gefen hagu. Na ce Kawu "an yi" ya ce, ni na mai da shi "akwai", ni kuma na ce ya ruɗe alhali na san ƙarya nake. Na kai ƙarshe. Wani ya ce subhanallahi. Mahaifina ya rufe fuska da hannun riga.

Mai gonar nan da ya ci yankin marayu ya ce, "Jiya ta ce ya ruɗe, yau ta ce bai ruɗe ba. Wanne za mu kama?" Gaskiyarsa, ni na zubar da bakina. Na ce kada a kama ko ɗaya, a tambayi ƙasa. Marken yana cikin kaye da lambarsa.

Muka ɗunguma zuwa bakin kwari da hauya da shebur. Jipiyes ba ya nuna wuri daidai taki, sai kusa. Aka haƙa na farko, rairayi. Na biyu, rairayi. Mai gonar ya fara murmushi. Sai tsohon Buzun ya tako, ya dubi tudu, ya dubi kwari, ya matsa taki huɗu gabas ya ce shi a da a nan yakan ɗaure raƙuminsa a inuwar marken. Aka haƙa har gwiwa. Shebur ya daki abu. Aka share ƙasa, sai ga kututturen marke, baƙi ƙirin, saiwoyinsa a baje. Matar nan mai marayu ta ce daidai nan Kawu ya soka sandarsa.

Maigari ya leƙa ramin. Sannan ya ce, "Allah shi jiƙan mai gaskiya. Mun zalunce shi." Ya mayar wa marayu yankinsu nan take. Ba wanda ya zage ni. Da ma sun zage ni, da na ji sauƙi.

Inna tana takaba, ba ta fita. Na shiga ɗakinta na durƙusa na ba ta labarin duka, ina tsammanin ko ta yi kuka ko ta kore ni. Tana jan carbi har na gama. Sannan ta ce ita ta sani tun ranar, don shi ya gaya mata, ya kuma hana ta ɗaga zancen ko ga mahaifiyata.

Na ce, "Inna, ya ce in taho da kayen. Na ji tsoro. Na ɗauka so yake in wanke shi."

Ta ajiye carbin ta dube ni. Ta ce, "Ke dai ba ki san kawunki ba. Wata uku yana kwance, duk sallamar da anka yi sai ya ce a duba ko Uwata ce. Ba wanki yake nema ba. Cewa ya yi akwai gefen arewa, daga tsohuwar rijiya zuwa dutsi, da ba ku kai ba. Ya ce wurin ya fi ko'ina icce a da, kuma ba wanda ya rage ya san su sai shi. Kullum yana bitarsu a bakinai kada ya manta kafin ki zo. Ni ban iya rubutu ba, ɗiyata. Na riƙe uku, sauran sun tafi da shi."

Ta faɗa mini ukun, na rubuta su a gefen hagu, ba lamba, ba wuri. Bayansu shafuka ne farare har bangon kaye.

Ya Allah, ka ga abin da ya rufa mini, ka rufa masa fiye da haka. Ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi inuwar da ba ta bushewa. Ni kuma ku da kuka san shi, in kun tashi yi masa addu'a, kada ku ƙara cewa "in ka ɗebe tsufa". Ba abin ɗebewa.

Kafin in koma Tawa na bi ta tsohuwar rijiya na miƙe arewa, ni kaɗai, da sandarsa da Inna ta ba ni. Fili ne har dutsi. Na yi ta tafiya ina duban ƙasa, ban san inda zan tsaya ba.